Badagiri: Garin Shan Iska a Bakin Bahar, da Tsohuwar Mu'amalarsa da Ƙasar Hausa

Mutumin da aka haifa a ƙasar Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, ya tashi tsakanin duwatsu da dazuzzuka da fadamu, idan aka ce masa ruwa mai yawa, abin da zai faɗo masa a rai bai wuce madatsar Mairuwa ba, ko ta Zobe in ya taɓa ratsawa ta Dutsin-ma, domin galibin gulaben ƙasarmu na damina ne, kaka na juya baya sai su koma rairayi, a shiga tono ana kwarfar abin da za a sha. Amma duk da wannan nisa da Allah Ya sanya tsakaninmu da teku, da wuya ka shiga unguwa a garuruwan nan uku ba ka tarar da gidan da ɗansu ke Ikko ba, wannan ya bi shanu daga kasuwar Sheme, wancan yana dako, ɗaya yana kasa kayan gwari. Kuma a cikinsu akwai waɗanda neman abinci ya kai har ƙurewar hanya ta yamma, inda ƙasar Nijeriya ta kusa ƙarewa, wato garin Badagiri. Mutanen Ikko sun ɗauki garin nan wurin hutu, suna zuwa ran Asabar da Lahadi da lokacin bukukuwa su sha iska ƙarƙashin itatuwan kwakwa, Bahaushe kuwa in ya je yakan ɗauki kansa baƙo na ainihi, wanda ba shi da komi a wurin sai cinikin da ya kai shi. Alhali kuwa tawarihin garin, idan aka bi shi da natsuwa, za a tarar ƙafar Bahaushe ta riga ta mai wa'azin mishan da ta joji taka rairayin nan, sai dai mafi yawan waɗanda suka taka shi a farko ba da son ransu suka zo ba.

Garin yana kimanin kilomita 60 yamma da Ikko, tsakaninsa da kan iyakar Seme, inda ake shiga Jamhuriyar Benin a nufi Kwatano, tafiya ce ta ɗan lokaci a mota. Abin da zai fara ba baƙo mamaki shi ne, garin da ake kira na bakin teku ba a bakin tekun yake ba. A gabansa akwai wani dogon tafki mai kwantaccen ruwa, wanda ya miƙe daga Ikko har Porto Novo, a hayinsa kuma wani siririn tudun rairayi ya shimfiɗe kamar kunyar gona guda ɗaya tak tsakanin ruwa biyu, sai an haye tafkin an ratsa tudun sa'an nan a iske Baharul Muhiɗi da kansa, wanda ake ce wa Atalantika, yana ta dukan gaɓa dare da rana. Babu mashigar da babban jirgi zai fake a nan. A zamanin da, jiragen Turawa can nesa suke tsayawa, a riƙa kai musu kaya da mutane cikin kwalekwale ana keta raƙuman ruwa, kuma sau da yawa kwalekwalen kan kife. Fa'idar wurin duka tana cikin tafkin ne, domin shi ne hanyar da ta haɗa garuruwan gaɓa, shi ne kuma ganuwar da ta kare garin daga igwar jirgi.

Masu yi wa baƙi jagora a Badagiri za su gaya maka an kafa garin a 1425, an kuma buɗe kasuwar bayi ta Vlekete a 1502, har ma an rubuta haka a alluna. Riwayar gari tana da hurumi, ba a wulaƙanta ta, amma masana da suka bi takardun fataken Turawa sun tarar sunan Badagiri bai fito a matsayin tashar ciniki ba sai cikin shekarun 1730, kuma sababin fitowarsa sananne ne. Sarkin Dahome, Agaja, ya ci ƙasar Alada a 1724, ya ci Wida a 1727, jama'ar garuruwan nan suka watse suka yi gabas ta bin tafki, suna neman inda dakarunsa ba za su kai ba. A cikin masu gudun har da wani Bature mutumin Holan, Hendrik Hertogh, wakilin kamfanin ƙasarsu, wanda ya zauna a Badagiri a 1736 ya buɗe ciniki, bai daɗe ba aka kashe shi. Mutanen gari suna kiransa Huntokonu, suna kuma nuna kabarinsa har yau. Saboda taron 'yan gudun hijira ne suka yi garin, kowane ayari da shugabansa, sai ya tashi unguwa takwas, kowace da nata basarake, irin su Akran da Wawu da Posu da Mobi, ba tare da ɗayansu ya iya tanƙwara sauran sosai ba, abin da ya jawo masa yawan fitina ta cikin gida. Mafi yawan mutanensa Egun ne, 'yan'uwan mutanen kudancin Benin a harshe da al'ada, sai Yarabawan Awori da ke kewaye. A 1784 rundunar Dahome ta zo ta ragargaza garin, ya sake tashi.

To, ina ruwan ƙasar Hausa da wannan? Ruwanta ya biyo ta Oyo ne. Daular Oyo, wadda babban birninta Hausawa suke kira Katunga, tana kusa da kogin Kwara, tsakanin Nufe da teku, kuma ƙarfinta duka a kan dawaki ya dogara, dawakin kuwa daga arewa take sayen su, tare da kanwa da fatu da tufafi da bayi. Abin da ta samu daga arewa, wani ta riƙe, wani ta gangara da shi Porto Novo da Badagiri ta musanya da tufafin Turawa da taba da barasa da ƙarfe da wuri. Wurin nan da kakanninmu suka yi ta ƙirgawa a kasuwannin Maska da Katsina da Kano, suka biya sadaki da shi, suka sayi gero da shi, asalinsa daga tsibiran Maldib ne a tekun Indiya, jiragen Turawa suka kewayo da shi suka sauke a gaɓar nan, ya hau arewa ta Nufe har ya zama kuɗin ƙasar Hausa a cikin ƙarni na 18. Wanda duk ya taɓa tono tsohon wuri a kufai a dajin Kogo, la'alla abin da ya riƙe a hannunsa ta wannan gaɓa ya shigo, kuma abin da aka bayar a madadinsa galibi ɗan Adam ne.

Malamanmu ba su jahilci wannan al'amari ba. Tun a 1615 Shehu Ahmad Baba na Tambutu, a fatawarsa mai suna Mi'irajus Su'ud, ya lissafa Katsina da Kano cikin ƙasashen Musulmi waɗanda ba ya halatta a bautar da 'ya'yansu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, a Infaƙul Maisuri, da ya zo kan bayanin ƙasar Yarabawa, ya ambaci cewa suna sayen bayi daga ƙasashenmu suna sayar wa Nasaran da ke zuwa musu ta teku, ya kuma gargaɗi jama'a kada su sayar musu da Musulmi. Amma ba a yin gargaɗi a kan abin da ba ya aukuwa. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 sun cika kasuwanni da kamammu daga kowane ɓangare, na masu jihadi da na abokan gabarsu, kuma hujja mafi ƙarfi a kan inda wasunsu suka ƙare tana can hayin teku, a lardin Bahiya na ƙasar Barazil, inda hukuma ta tono wani shirin tawaye na bayi Hausawa a 1807, aka sake yin wasu a 1809 da 1814, sa'an nan a watan Janairu na 1835, cikin azumin Ramalana, bayi Musulmi, mafi yawansu Yarabawa da wasu Hausawa, suka tashi a birnin Salbado, aka tarar da layu da takardun rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Ƙididdigar masana ta nuna mutum kimanin miliyan 12 da rabi aka ɗora a jirage daga Afirka baki ɗaya, kusan miliyan 2 daga wannan yanki na gaɓa. Rabon Badagiri bai kai na Wida ba, bai kuma kai na Ikko ba a ƙarshen zamanin, amma ba kaɗan ba ne.

A nan ya kamata a dakata a kan wata tafiya guda, domin ita ce ta ɗaure Badagiri da Sakkwato a rubuce. A 1824 wani hafsan sojan ruwa na Ingila, Hugh Clapperton, wanda ya sa wa kansa suna Abdullahi, ya iso Sakkwato ta hanyar hamada, ya zauna da Muhammadu Bello, suka yi shawara a kan a buɗe hanyar ciniki ta teku, Ingila ta aiko da wakili da likita, Sarkin Musulmi kuma ya hana gangarawa da bayi zuwa gaɓa. Bello ya rubuta wa Sarkin Ingila George na Huɗu takarda a kan haka. Da Clapperton ya komo ta teku a ƙarshen 1825, sai ya tarar garuruwan da aka ambata masa a matsayin tashoshi, Raka da Fanda, ashe suna can cikin ƙasa nesa da gaɓa, bai kuma iske manzannin da ya sa rai ba, saboda haka ya sauka a Badagiri, ya tashi daga can ran 7 ga Disamba 1825. Kafin watan ya ƙare zazzaɓi ya kashe abokan tafiyarsa biyu, Pearce da Morrison. Ya bi ta Katunga, ya haye Kwara a Busa, ya ratsa Nufe, ya biyo ta Birnin Gwari da Fatika, wato ya gifta ta ƙofar ƙasar Sabuwa ta yau, ya shiga Zariya, ya isa Kano a watan Yuli na 1826, bayan tafiyar fiye da wata bakwai. A Sakkwato ya tarar zamani ya sauya, ana yaƙi da Shehu Laminu na Barno, aka hana shi wucewa da kyautar da ya ɗauko wa Barno, ciwo ya kwantar da shi, ya mutu ran 13 ga Afrilu 1827.

Littattafan makaranta sun riƙe sunan Clapperton da na baransa Richard Lander, wanda Hausawa suka laƙaba wa Nasara Ƙarami, amma mutum na uku a ayarin shi ya fi cancanta mu riƙe. Sunansa Abubakar, Bagobiri ne, Turawa suna kiransa Pasko. An kama shi a arewa, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har bakin teku, aka ɗora shi a jirgin bayi, sojan ruwan Ingila suka tare jirgin suka 'yanta shi, ya yi musu aikin jirgi, sa'an nan aka ɗauke shi tafinta. Turawan sun rubuta aibobinsa da yawa, cewa yana da son aure a kowane zango, ya kuma taɓa gudu da kayansu a Kano, kuma mai yiwuwa ba ƙarya suka yi masa ba. Sai dai mai karatu ya tuna da bakin wa suka yi magana da sarakuna da fatake tun daga Badagiri har Sakkwato. Mutum ne da ya gangara bakin teku a ɗaure, ya hau hanyar nan yana ɗa, ya sake gangarowa tare da Lander zuwa Badagiri a ƙarshen 1827, inda fataken bayi na Fotugal suka zuga sarakunan gari cewa Baturen ɗan leƙen asiri ne, aka ba shi gwaska ya sha a gaban jama'a, ya koma masauki da sauri ya sha maganin amai, ya tsira. A 1830 Abubakar ya sake bin Lander da ƙanensa John a tafiyar da ta tabbatar wa Turawa inda Kwara ta faɗa teku, kuma daga Badagiri ɗin suka tashi.

A wannan zuwa na 1830 ne 'yan'uwan biyu suka rubuta wani abu da ya fi komi daɗin ji ga Musulmin arewa. Sun iso a ƙarshen watan Maris, wanda ya dace da ƙarshen Ramalana na shekara ta 1245 ta Hijira, suka tarar da malamai Hausawa a garin, suka kuma ga Musulmi sun fita bayan gari cikin adonsu sun yi sallar Idi. Wato shekara 12 kafin a yi wa'azin Kirista na farko a Badagiri, an riga an yi kabbarar Idi a can, kuma waɗanda suka ja sallar mutanenmu ne. Ba a kafa allo a wurin ba, masu jagora kuma ba su cika ambaton sa ba.

Abin da suke ambato, kuma da haƙƙinsu, shi ne zuwan mishan. Tun daga 1839 'yantattun bayi Yarabawa da ke Saliyo suka fara komowa gida ta Badagiri suna nufin Abekuta, su ne kuma suka nemi a aiko musu da masu wa'azi. Thomas Birch Freeman na ɗariƙar Methodist ya sauka ran 24 ga Satumba 1842, Henry Townsend na ƙungiyar mishan ta CMS ya biyo shi a watan Disamba, suka yi bikin Kirsimeti tare ƙarƙashin wata itaciya da ake kira Agiya, wadda ta rayu har guguwa ta kayar da ita a 1959, aka gina hasumiya ƙarama a gurbinta. A 1845 ayarin CMS ya zo da niyyar zama, cikinsu har da Samuel Ajayi Crowther, shi ma tsohon bawa ne da aka kama a yaƙe-yaƙen ƙasar Oyo, wanda daga baya ya zama bishop, ya kuma yi aikin juya Baibul zuwa Yarabanci. A shekarar suka gama ginin gidan mishan mai hawa biyu a bakin tafki, wanda ke tsaye har yau da farin fenti da rufin kwano da matakalar katako, aka kuma rubuta a jikinsa cewa shi ne gidan bene na farko a Nijeriya. A nan kam Bakatsine ba zai iya yin shiru ba. Hasumiyar Gobarau, wadda ake danganta ta da zamanin Muhammadu Korau, ta girme shi da ɗaruruwan shekaru, kuma Clapperton da kansa ya bayyana gidaje masu bene a Kano a 1824, shekara 21 kafin a aza wannan. Da an ce shi ne bene na farko irin ginin Turawa, da magana ta zauna daidai, kuma da darajar gidan ba ta ragu da komi ba, domin kyakkyawan gini ne, ya kuma cancanci a gan shi.

Ɗaukakar garin ba ta daɗe ba bayan wannan. Rigimar sarautar Ikko tsakanin Akitoye da Kosoko ta malalo cikinsa, domin Akitoye a nan ya yi zaman gudun hijira, a 1851 aka yi yaƙin basasa aka ƙone mafi yawan gari. A ƙarshen shekarar Ingilishi suka yi wa Ikko ruwan igwa suka mayar da Akitoye, 'yan mishan da fatake suka kwashe suka bi shi. Sarakunan Badagiri suka sa hannu a yarjejeniyar barin cinikin bayi a 1852, Barazil kuma ta riga ta rufe ƙofarta tun 1850, sa'an nan a 1863 aka haɗa garin da mulkin Ingilishi na Ikko. Daga nan sai manja da kwakwa da kifi. Da aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, wadda ta haɗa Ikko da Kano a 1912, reshenta kuma ya iso Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920 ya kwashi audugarmu, ba ta bi ta Badagiri ba, garin ya zauna a gefe ana zuwa masa ta ruwa, har sai da aka yi babbar hanyar mota a shekarun 1970. A ganina wannan mantuwa da aka yi da shi ita ce ta tsare masa abin da yake ci da shi yau, domin da arziki ya zauna a can yadda ya zauna a Ikko, da tuni an rushe tsofaffin gidajen an yi kantuna.

Mai ziyara yakan fara da titin bakin tafki, inda kusan duk abin gani yake jere, ana iya zaga shi da ƙafa. Akwai tsohon ofishin joji, ginin 1863, wanda aka mayar gidan tarihi. Akwai ɗan ƙaramin ɗakin zuriyar Mobi, inda suka ajiye mari da ƙuƙumi da sarƙoƙin wuya, har da na yara, suna kuma bari baƙo ya ɗaga ya ji nauyinsu. Akwai gidan Seriki Abass, wanda ya rasu a 1919. Shi wannan, a riwayar zuriyarsa, Bayarabe ne da aka kama yana yaro aka kai shi Barazil, ya komo ya zama babban attajiri, ya riƙe sarautar Sarkin Musulmin garin, Turawa kuma suka ɗora shi a kan ƙasar Badagiri a ƙarshen ƙarni na 19. A cikin gidansa ake nuna ɗakunan tsare bayi, waɗanda aka ce 40 ne a da, ƙanana ƙwarai, kowane da 'yar taga guda can sama. Jikokinsa suna zaune a gidan, ana girki ana shanya a tsakar gida, baƙi suna shiga suna fita. Musulmi ba zai so ya ji an haɗa wannan sarauta da waɗannan ɗakuna a suna guda ba, amma haka abin yake, kuma ba a Badagiri kaɗai ba.

Daga nan sai a shiga kwalekwale a haye zuwa tudun Gberefu, a bi wata hanya ta rairayi tsakanin ciyawa da kwakwa, tafiyar kimanin rabin sa'a, wadda aka ce ita bayi suke bi zuwa jirgi. A tsakiya akwai wata rijiya da ake cewa an yi mata asiri, duk wanda aka shayar da ruwanta sai ya mance gida; wannan zance ne na baka, amma ko da ba a yi asirin ba, wanda ya ƙaga shi ya san abin da fataken suka fi tsoro. A ƙarshen hanya an yi wata ƙofa ta siminti tana fuskantar teku, ana kiran wurin inda ba a komowa. Baƙi daga Amurka da Barazil da tsibiran Karebiyan sukan zo nan su yi kuka, musamman a watan Agusta lokacin bikin garin, wanda ake dacewa da shi da ranar 23 ga wata da hukumar UNESCO ta keɓe don tunawa da cinikin bayi. Mutumin Ƙanƙara kuwa, wanda ya ga daren 11 ga Disamba 2020 da aka kora ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya zuwa cikin daji da ƙafa, ko na Faskari da Sabuwa wanda ya sayar da gona da shanun huɗa ya fanshi ɗan'uwansa, ba ya bukatar jagora ya fassara masa mene ne a yi wa ɗa kuɗi, a kuma yi ciniki a kansa. Ba ina cewa abu biyun ɗaya ba ne, girmansu da zamaninsu sun bambanta. Ina cewa ne cikin 'yan Nijeriya da ke bin hanyar nan suna ɗaukar hoto, shi ne zai fi kowa gane ta.

Sauran abin da ke garin na nishaɗi ne, kuma ba laifi ba ne mutum ya nemi nishaɗi. Gaɓar da ta miƙe daga nan zuwa Seme rairayi ne fari da kwakwa iyakar ganin ido, an yi rumfunan kaba a wurare irin su Suntan inda ake biya a zauna, ana hawan doki, ana gasa kifi, ana fasa ɗanyar kwakwa a sha ruwanta; a Iworo kuma, a bakin tafki, akwai masaukin Whispering Palms, wanda ya daɗe yana karɓar masu hutu. Wanda ya yi sa'ar biki zai ga Zangbeto, dodon mutanen Egun mai rufin zaren kaba tun daga sama har ƙasa, wanda a al'adarsu shi ne mai gadin dare, zai kuma ji kiɗan Sato, ganguna masu tsawon da sai an yi tsalle ake dukan su. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu, domin damina a can tana da tsawo da nauyi. Nasiha guda ga ɗan arewa: iya iyo a gulbi ba ya amfani a wannan ruwa, saboda raƙumin da ya doki gaɓa yana komawa ta ƙasa da ƙarfi ya ja ƙafar mutum, kuma ba a kowane wuri ake da masu ceto ba. Ya tsaya inda ruwa bai wuce idon sawu ba, ya ishe shi kallo.

Ba masu hutu da 'yan ci-rani kaɗai ke kai mu can ba. A Topo, inda 'yan mishan na Katolika suka yi gonar kwakwa tun 1876, nan ne mazaunin kwalejin horar da manyan ma'aikata ta ASCON, wadda aka kafa a 1973, kuma ma'aikatan jihohin arewa da yawa a can suka fara ganin teku. A Ajara kuma akwai ƙauyen koyon Faransanci da Gwamnatin Tarayya ta buɗe a 1991, inda ɗaliban jami'o'inmu masu nazarin harshen ke zuwa zaman shekara. A kasuwar Agbalata za ka ji Hausa ana cinikin kwakwa, wadda ake lodawa a manyan motoci zuwa arewa, a yanka ta a tire a sayar a tashoshinmu, ko a yi alewa da ita. A kan hanya kuma, kafin a shiga Ikko sosai, ga Alaba Rago, inda ragunanmu suka saba sauka gab da babbar salla.

Ita hanyar ce dai matsalar garin tun fil azal. Aikin faɗaɗa titin Ikko zuwa Badagiri, da aka fara a 2009, ya ɗauki shekaru masu yawa, a cikinsu tafiyar sa'a ɗaya takan cinye rabin yini, ga shingayen jami'ai saboda kusancin iyaka, abin da ya hana masu hutu da yawa zuwa. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da wata sabuwar hanya mai tsawon kilomita 1,068 daga Illela a jihar Sakkwato zuwa Badagiri, wadda aka daɗe ana zancenta tun zamanin Shugaba Shehu Shagari, za ta ratsa Kabi da Neja da Kwara da Oyo da Ogun, wato kusan ƙasashen da ayarin fatake da na Clapperton suka bi. Ba ta biyo ta jihar Katsina ba. Ko an gama ta, direban da ya yi lodi a Sheme ko Ƙanƙara zai fita ne ta Funtuwa, ya zaɓi tsakanin Birnin Gwari da zagayen Kaduna gwargwadon labarin da ya ji na lafiyar hanya a ranar, ya haye Kwara a Jaba, ya bi Ilori da Badun, kuma in kaya na Badagiri ne, sai ya keta Ikko tukuna.